Takardar Ƙosai da Akuyar Auta

Sunana Talatu, amma a Samaru in ka ce Talatu ba wanda zai nuna maka gidana, sai ka ce Mama mai ƙosai. Ban yi karatu ba, ban san baƙi ko ɗaya ba. Wadda take rubuta wannan autata ce, Rahila, ga ta nan a kan tabarma, ta ɗaure fuska kamar wadda aka aika rijiya da tsakar rana. Malamar makaranta ce, kuma ta yi littattafan da ake karanta wa yara. Amma tun da muka binne babanta a daminar da ta wuce, ba ta ƙara rubuta layi ɗaya nata ba. Ta ce shi ne yake fara karanta mata komai, yanzu wa za ta miƙa wa? Ta tattara birorinta ta zuba a gwangwanin madara ta ɗora a kan kabad. Ni kukana a fili nake yi, safe da yamma, ko a gaban kasko ba na ɓoyewa. Ita ba kuka, ba rubutu, sai rama. Wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Shi ne na ce mata, to, naki kin ƙi, zo ki ara mini hannu. Jikokina da 'yan matan layinmu sun raina sana'ata. Wata ma cewa ta yi, "Kaka, ƙosai fa? Ai wake ne da mai kawai." Ina so a rubuta musu su ji.

Auta ta ce, "Inna, abin da kika faɗa kaɗai zan rubuta. Ba zan ƙara ba, ba zan gyara ba."

Na ce ai abin da na roƙa ke nan.

Inda na fara buga ƙullu a Jushi ne, cikin Sabon Gari, a gidan wata Bayarabiya da ake kira Iya Bose. Gwaggota ce ta kai ni wurinta daga ƙauyenmu na bayan Bomo, ina 'yar budurwa. Iya Bose mace ce mai faɗi, in ta zauna a gaban murhu hayaƙi kawai ake gani, wutar ta ɓace a bayanta. Hausarta ta Sabon Gari ce, kowa "kai" ne a bakinta, har ni. Ta zuba markaɗaɗɗen wake a turmi, ta miƙo mini 'yar taɓarya, ta ce in juya. Na juya, na juya, har kafaɗata ta fara ƙara. Na ce ya yi. Ta laƙato kaɗan da yatsa ta ɗiga a kwanon ruwa, ya nutse tsulum.

Ta ce, "Kai Talatu! Wannan ƙosai ne ko harsashi? Wa kake so ka kashe? Juya!"

Na koma juyi ina hawaye. Can da hannuna ya mutu gaba ɗaya ta sake ɗigawa, sai ga ƙullu yana yawo a saman ruwa kamar ɗan agwagwa. Ta ce to yanzu iska ta shige shi. Ku 'yan mata ku ji wannan: ƙullun da bai taso a ruwa ba, ba zai taso a mai ba. Na yi watanni a gidan nan ban taɓa kasko ba, sai surfe, sai wankin wake, sai juyi. Wankin waken ma aiki ne. Ba a barinsa ya daɗe a ruwa, in ya jiƙu da yawa ƙosai ya yi laɓe-laɓe. A murje shi, a tace ɓawon, a sake murjewa, har baƙin hancin nan nasa ya fita tas. Iya Bose takan fasa ƙosai ɗaya ta duba cikinsa, in ta ga ɗigon baƙi sai ta ɗaga shi sama ta nuna wa duk layin, ta ce, "Ku zo ku ga idon Talatu yana kallona!"

Gishiri kuma ba a zuba shi tun farko, yana kwantar da ƙullu. Sai ki ɗebi wanda za ki toya a ƙaramin kwano, ki sa masa gishiri da albasa da attaruhu, ki sake bugawa. In mai bai yi zafi ba ƙosai ya sha shi ya ƙoshi, ribarki ta tafi cikin takarda. In ya yi zafi da yawa, waje ya ƙone ciki ɗanye, mai saye ya gatsa sau ɗaya ya tafi wurin wata har abada. Ba da ido kaɗai ake tuya ba, da kunne ake yi. Akwai ƙarar da mai yake yi in ƙosai yana shan wuta daidai, akwai wadda yake yi in yana neman a juya shi. Itace ma ba kowane ba. Marke nake nema, garwashinsa yana daɗewa. Ɗanyen darbejiya kuwa, ki yi ta zubar da hawaye kamar an aiko miki da mutuwa, ƙosan kuma ya ɗauki ɗaci. Ku dubi hannayena, duk ɗige-ɗigen nan mai ne ya yi su. Ita ce takardar shaidata.

A gaban kaskon Iya Bose na fara ganin Baban Auta. Sunansa Yohanna. Na faɗa sau ɗaya ne don takarda, yana raye ban taɓa kiransa da shi ba. Masinja ne a wani ofis a jami'a, ana aikensa Sabon Gari a kan keke. Keken nan ba birki, da ƙafa yake tsayar da shi, sai ka ji sharrr tun daga nesa. Karatunsa na ajin yaƙi da jahilci ne da aka yi a majami'ar ƙauyensu, amma mayen karatu ne, ko allon shago ya gani sai ya tsaya ya karanta da ƙarfi. Na ƙunsa masa ƙosai a yagaggiyar jarida. Ya cinye, ya miƙe takardar a kan sirdin keke, ya karanta, sannan ya dawo.

Ya ce, "'Yan mata, a ƙaro mini. Amma a ƙunsa mini a shafin da yake bin wannan."

Na ce, "Malam, ni ina na san wanda yake bin wani?"

Ya ce, "Kawo kwandon in zaɓa da kaina. An kama ɓarawon, ina so in ji hukuncin da aka yanke masa."

Ya yi ta zuwa, har Iya Bose ta ce, "Talatu, wannan mutum ba jarida yake karantawa ba, kai yake karantawa." Da aka ɗaura mana aure ta ba ni kaskonta na biyu da matsamin tsame ƙosai. Kaskon nan shi ne har yau a kan murhuna, ya yi baƙi ƙirin, ban yarda kowa ya goge shi da yashi ba.

Auta, dakata in share ido. To, rubuta.

A Samaru na kafa murhuna kusa da hanyar da ɗalibai suke bi da safe. Ɗalibi abokin ciniki ne mai wuyar sha'ani. Ya zo da littafi a hammata da yunwa a ido, ya sayi kaɗan, ya nemi gyara mai yawa, ya haɗa miki da Turanci. "Mama, ƙara ɗaya mana, yau muna da tes." Kullum suna da tes. Amma ina son su. In suka tafi hutu, layin sai ya yi mini shiru kamar maƙabarta.

A lokacin ba leda, da takarda ake ƙunshi, kuma takarda ita ce rabin sana'ar. Jarida tana da arha amma tawadarta tana bin ƙosai. Takardar siminti tana da ƙarfi amma sai an kakkaɓe ta sosai. Wadda ta fi duka ita ce farar takardar ofis da aka gama da ita aka zubar, gefe ɗaya rubutun keken rubutu, gefe ɗaya fari fat. Ita Baban Auta yake roƙowa ya ɗauro mini a bayan keke kowace yamma. Ladansa kuwa, da safe in na juya baya sai ƙosai ɗaya ya ɓace daga kwando. In na waiwayo sai in gan shi yana kallon sama yana fito.

Sai takarda ta fara ƙarewa ba dalili. In ajiye damin da ya isa kwana biyu, in wayi gari ya rame. Na zargi ɓera, na zargi almajirar maƙwabciyata mai koko. Ran nan na ɗaga katifar yara sai ga su nan jibge, farin gefen duk an cika shi da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Auta ce, tana aji biyar a firamare. Na ɗauko muciya.

Baban Auta ya shiga tsakani, ya ce, "Manaja, tsaya." Haka yake kirana in zai yi mini wayo. "Takarda gefe biyu gare ta. Ofis ya ci ɗaya. A bar yarinya ta ci ɗayan, sannan ƙosai ya zo ya ci duka. Wa aka cuta?"

Na ce, "In ta gama tana ba ni ne? Ƙarƙashin katifa take kai su!"

Ya zauna a bakin gado ya ɗauki ta sama ya fara karantawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Sai ya faɗi da baya a kan katifa yana dariya har da shure-shure. Labarin wata akuya ce mai suna Madam, wadda ta shiga ta ɓular shingen jami'a ta cinye takardun jarrabawar ɗalibai, ta wayi gari tana jin Turanci, ta koma gida ta ce ita ba za ta ƙara cin dusa ba sai shayi da burodi. Baƙar akuya ce mai kunne ɗaya.

Biron Auta ya tsaya. Ta ce, "Inna, ja ce. Kuma kunnenta biyu."

Na ce, "Ba ke kika ce ba za ki gyara ba?" Ta yi tsaki ta ci gaba. A bar ta a baƙa.

Tun daga ranar, kowace yamma bayan tuwo sai ya baje a tsakar gida ya ce, "Auta, kawo jaridar yau." Ya karanta mana da murya iri-iri, ya yi ta akuya, ya yi ta bunsuru, ya yi ta malamin da aka cinye wa takardu. In wani wuri bai yi daɗi ba, ba ya ɓoye mata. Yakan ce, "Nan kam Madam ta yi barci, tashe ta." In ya yi daɗi sai ya cire hula ya ɗora mata a ka. Amma Auta ta kafa doka: ba wanda zai ji labarin nan a wajen gida.

Wata Litinin ina tuya, layi ya cika, sai ga wani dogon ɗalibi ya dawo a guje da takarda a hannu, mai na ɗiga. Na zaci ƙuda ya gani a ciki.

Ya ce, "Mama, ina sauran?"

Na ce, "Sauran me? Ai na yi maka gyara."

Ya ce, "Akuyar! Ta shiga ofishin shugaban sashe, sai takardar ta ƙare!"

Kafin in buɗe baki wata ɗaliba ta ɗaga tata ta ce, "Tana wurina! Ta hau kujerarsa ta ce a kawo mata fayil!" Nan fa layi ya watse, kowa ya zazzage ƙosansa a hannu yana duba takardarsa. Wani ya samu farkon labarin, wani tsakiya, wani bai samu komai ba sai lissafin ofis, ya ce shi an zalunce shi, a canza masa. Na waiga sai ga Baban Auta a gindin bishiya, ya jingina da kekensa yana kallon sama yana fito. Shi ne ya kwaso su daga ƙarƙashin katifa da asuba ya cusa a kwandona, ya san cikin gaggawar tuya ba zan tsaya in bambance su ba.

Auta ta yi kuka ranar, kuka mai yawa. Ta ce Baba ya tona mata asiri, ba za ta ƙara yi masa magana ba. Bai ba ta haƙuri ba. Washegari ya tashe ta da wuri, ya zaunar da ita a bayan tulun ruwa kusa da murhuna, ya ce ba sai ta ce komai ba, ta saurara kawai. Ta ji manya-manyan ɗalibai masu gemu suna gardama a kan ko Madam za ta auri bunsurun ƙauye ko ragon gidan malami. Ta ji wani ɗan kudu yana roƙon abokinsa ya fassara masa. Da rana ta ɗaga ta matso kusa da babanta, ba ta dube shi ba, ta ce, "Ragon maƙaryaci ne. Ba su gane ba."

Ya ce, "To ai sai ki gaya musu."

Daga nan sana'ata ta koma wani abu dabam. Ɗalibai suka ce a riƙa sa wa shafi lamba. Baban Auta ya riƙa kawo tsohuwar takardar kabon da ofis ya zubar, Auta ta danna biro da ƙarfi, shafi ɗaya ya haifi uku. Muka gano fensir ba ya jure mai, alƙalamin tawada kuwa narkewa yake yi, sai biro. Muka gano in mai ya ratsa takarda rubutun ofis yana ɓullowa ta baya ya cakuɗe da na Auta, sai ka ga akuya tana magana a tsakiyar sanarwar taro. Don haka ya ce a riƙa ƙunshi biyu, jarida a ciki ta sha mai, labari a waje. Na ce takardata! Ya ce, "Manaja, ke dai ki tsane ƙosanki da kyau." Dole na sayi kwando na biyu, ƙosai ya huta a na farko, ya koma na biyu, sannan ya ga takarda. Tun daga lokacin ake cewa ƙosan Mama ba ya ɓata riga. Ku 'yan mata, in kun ga ina tsanewa sau biyu, akuya ce ta koya mini.

Sai muguwar shekara ta zo. Aka shiga yajin aiki a jami'a, aka ce sati biyu ne, sati biyu ya zama damina guda har da kaka. Ɗalibai suka kwashe kayansu. Masu gidajen haya a Bomo suka zauna suna kallon ɗakuna a buɗe. Albashin Baban Auta ya tsaya, ofisoshi a kulle, ba takarda. Waken da na saya na ajiye, ƙwari suka shige shi, in na buɗe buhu sai gari ya tashi. Ina toya kwano ɗaya ya wuni a kwando har ya yi tauri, mu ci shi da yamma a madadin tuwo. Yaran har sun tsani ƙamshinsa.

Na ce zama bai gan ni ba. Muka ɗaure kasko da matsami a bayan keken nan marar birki, na koma Sabon Gari. Iya Bose ta riga ta koma garinsu, amma 'yarta ta bar mini gefen rumfarta kusa da tasha. Kullum da asuba Baban Auta yana kai ni, ina zaune a kan buhun itace ina kiran sunan Allah a kowace kwana. Abokan cinikin can ba irin na Samaru ba ne: 'yan dako, direbobi, leburorin gini, masu shagon kayan mota. Ba sa neman gyara da Turanci, amma suna son ƙosai manya, da yaji mai tayar da matacce. Ƙunshi kuwa sai takardar siminti, wadda yake bin wuraren gini a unguwar Jama'a yana tsintowa, ya ɓare ta ciki mai tsabta, ya yanka, ya danne da dutsen guga.

Auta ta daina rubutu. Ta ce masu karantawa sun tafi, na tasha kuma yawancinsu ba su iya ba, wa za ta rubuta wa? Babanta ya ajiye mata takardar siminti mai kyau, ba ta taɓa ba. Ya sayo biro da kuɗin da ya kamata ya sa wa keke faci, ta ce na gode, ta ajiye. Ya bar ta, bai yi faɗa ba.

Wata Asabar tana tare da mu a rumfa tana yanka mini albasa. Ya zauna a kan benci a tsakiyar 'yan dako, ya soke biro a bayan kunne, ya fara ba su labarin Madam da ka, tun daga ɓular shinge. Mutane suka taru. Wani direba ya bar motarsa cike da fasinja ya zo ya tsaya. Ana ta dariya har da riƙe ciki. Sai na ji ya fara kwaɓa shi. Ya ce Madam ta auri ragon nan maƙaryaci. Wuƙar Auta ta tsaya, sannan ta ci gaba. Ya ce ta manta Turancinta ta koma cin dusa. Albasa ta fara fita manya-manya. Sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ƙarshenta dai, ta zo tsallaka titi a nan gaban tasha, tifa ta bi ta kanta. Shi ke nan. Labari ya ƙare."

Wani Inyamuri mai shagon taya da ake kira Oga Chidi ya dafe kai ya ce, "Dat goat no fit die o! Baba, ka ji tsoron Allah!"

Sai Auta ta miƙe, wuƙa a hannu, idanu jawur, albasa ce ko fushi ban sani ba. Ta ce, "Ƙarya ne, Baba! Madam ba ta mutu ba! Kuma ba ta auri rago ba! Ta yaya akuyar da ta iya karanta allon hanya za ta shiga gaban tifa?"

Ya ce, "Au, haka ne? To ni tsoho ne, na manta. Yaya aka yi?" Ya zaro biro daga bayan kunne, ya zaro takardar siminti daga aljihu a ninke, da ma a shirye suke. Ta fizge su. A kan murfin bokitina ta rubuta shafin nan, tana huci. Da ta gama ya miƙe a kan benci ya karanta wa tasha, aka yi tafi, Oga Chidi ya sayi ƙosai ya raba wa 'yan dako don murnar akuya ta tashi. Haka muka ci sauran shekarar: ita ta rubuta, shi ya karanta, ni in toya. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu ƙara cin ƙosan da ya wuni a kwando ba.

A hanyar gida na ce masa, "Kai dai ba ka da dama." Ya ce, "Manaja, yarinyar nan za ta iya jure yunwa, amma ba za ta iya jure a ɓata mata labari ba." Bai gama rufe baki ba muka faɗa kwalbati, mu da kasko.

Da aka buɗe jami'a muka dawo Samaru. Daga baya leda ta zo ta kori takarda, Auta ta girma ta koma rubutu a littafi na gaske. Amma ko da ta zama malama, ba ta kai wa kowa rubutunta sai ya fara bi ta hannunsa. Da idonsa ya yi rauni, ita take karanta masa, yana kwance yana cewa, "Nan an yi barci, tashe su." Ni kuma har yau ina ajiye 'yar takarda a gefen leda, don akwai tsofaffin ɗaliban da suke dawowa da furfura da manyan motoci, su ce, "Mama, a ƙunsa mana a takarda." Su juya ta su duba bayanta, ko da sun san ba komai.

To, 'yan mata, kun ji. Wake ne da mai, amma ku zo gobe da asuba in ba ku taɓarya.

Saura abu ɗaya. Tunda takardar nan za ta daɗe bayana, ina so jikoki su san wane irin mutum ne kakansu. Auta, rubuta. Mutum ne mai shiru-shiru, ba ya son wasa. Ba a taɓa jin dariyarsa a waje ba. Kekensa sabo ne fil, birkinsa kamar na mota. Karatu bai dame shi ba. Kuma tun da muka yi aure har ya koma ga Ubangiji, bai taɓa ɗaukar ƙosai ɗaya a kwandona ba da izinina ba.

Ta rubuta, amma biron har ya huda takardar. Yanzu ta ɗago tana kallona, ga hawaye shaɓe-shaɓe, na farko tun ranar jana'iza, ga kuma dariya tana neman ƙwace mata.

Ta ce, "Inna, dabarar Baba kika yi mini."

Na ce, "Ni tsohuwa ce, na manta. Yaya yake?"

Ni zan tashi in jiƙa wake. Ja layi a nan, Auta. Na sama nawa ne.

———

Babana ɓarawon ƙosai ne. Da zafinsa yake ɗauka, ya jefa a aljihun gaba, ya tsaya yana fito alhali ƙirjinsa na ƙuna. Shi ya sa duk rigunansa na ofis suke da tabon mai a gefen hagu, daidai inda yake soke biro. Kuma akuyar ja ce. Inna, in kin gama da waken, sauko mini da gwangwanin nan na kan kabad, wannan biron ya kusa ƙarewa.